Kwamfutata tana nuna digiri 127, mai gyara ya ce bod ya ƙone

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Ina da shagon buga takardu a nan Kano, kuma kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita ta sa ni a gaba yau kusan mako biyu. Ina tsaka da aiki sai ta mutu ɗif, kamar an zare filogi, babu shuɗin allo babu gargaɗi. Da safe lafiya lau, amma tsakanin azahar da la'asar sai ta mutu sau biyu ko uku, musamman in ina kan CorelDRAW. Ɗan yayata ya saka min wata manhaja, HWMonitor, sai ga wani layi an rubuta AUXTIN, a gabansa digiri 127. Na ɗauki hoton a waya na kai wa wani mai gyara a kasuwa, yana gani ya ce bod, wato babban allon da komai na cikin kwamfuta yake jone a kai, ya ƙone, sai dai a sayi wani. Furosesar i5-4570 ce, RAM 8, faifan ajiya mai gig 500. Ta hannu na saya shekara uku da suka wuce. Abin da ya fi damuna furojet ɗin ɗalibai ne a ciki, na mutum goma sha ɗaya, wasu makon gobe za su miƙa.

Ɗan Koyo: Wa alaikumus salam Hajiya. Bairos ne, ki yi fomatin kawai ki huta.

Admin: Ɗan Koyo, a yi haƙuri da maganar fomatin tukuna. Ta ce aikin mutane yana ciki. Hajiya, kada ki goge komai sai an gama bincike.

Abu Sadiq: Hajiya sannu da wannan jarabawa. Tambaya ɗaya kafin komai. A HWMonitor kowane layi yana da gida uku, Value da Min da Max. Ki duba layin AUXTIN ɗin nan, duka ukun 127 ne, ko suna canzawa? Sannan ki gangara ƙasa inda aka rubuta sunan furosesar, ki gaya mana abin da ke gaban Package da Core.

Maman Hanif: Duka ukun 127 ne Malam, ko motsi ba ya yi tun da na kunna. Package kuwa yanzu 68, Max ɗinsa 99. Core guda huɗu ne, duk sun yi kusa da hakan.

Abu Sadiq: Alhamdu lillahi, to ki kwantar da hankalinki a kan 127 ɗin nan, ba zafin komai ba ne. A jikin bod akwai wani ɗan guntu mai ƙafafu da yawa, shi ke karanta zafi da gudun fanka da ƙarfin wuta. Yawanci na kamfanin Nuvoton ne ko ITE. Guntun yana da ƙofofin awo fiye da waɗanda masu haɗa bod suke buƙata, sai su jona biyu ko uku su bar sauran a sake. Manhaja ba ta san an bar su a sake ba, ita dai tana tambayar kowace ƙofa, abin da aka ba ta shi take rubutawa. Shi ya sa za ki ga 127, wani ya ga 118, wani ma ya ga 128 ƙasa da sifili. Alamar da ake gane shi ita ce wadda kika faɗa da bakinki: ba ya motsi. Zafi na gaskiya yana hawa yana sauka da aiki. Kuma da akwai wani wuri a bod ɗinki mai digiri 127 tun safe, da hancinki ya riga manhaja sani.

Wanda ya kamata ki damu da shi shi ne 99 ɗin. Wannan daga cikin furosesar kanta ya fito, kuma iyakarta 100 ce. 68 kuma alhali ba kya aikin komai ya yi yawa ƙwarai, ko a bazarar Kano.

Baba Injiniya: Tun zamanin Pentium nake gyaran kwamfuta, ban taɓa buƙatar manhaja ta gaya min inji ya yi zafi ba. 'Yata, ki kashe ta, ki zare waya daga bango, ki kwance murfin gefe ki leƙa. Ki sa hanci ki shinshina. Ki kunna ki ga ko fanka na juyawa. Wannan manhajar ce ta tsorata ki, ita ce kuma ta ruɗi mai gyaran ya ce bod ya ƙone. Yaran yanzu sun bar sukundireba sun kama kallon lambobi.

Abu Sadiq: Allah ya ƙara girma Baba, gaskiyarka a kan buɗe murfi, dole sai an buɗe. Amma manhajar ba ta yi ƙarya ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Ita ce fa ta nuna mana 99. Hannu ba ya shiga cikin furosesa. Hasali ma in ƙarfen sanyayawa bai zauna daidai a kanta ba, za ka taɓa shi ka ji shi da ɗan ɗumi kawai, alhali ita a ƙasa tana dahuwa, don zafin bai samu hanyar hawa ba.

Baba Injiniya: Wannan haka ne, na yarda. Na sha gani. Amma ina da magana a kan mutuwar da take yi, zan dawo kanta in na idar da sallah.

Abu Sadiq: Hajiya, kafin Baba ya dawo, ki rufe HWMonitor ki sauke HWiNFO. Na ce ki rufe ne don ba a so a bar irin waɗannan manhajoji biyu ko uku suna aiki lokaci guda, duk guntu ɗaya suke tambaya, sai su riƙa cin karo suna ba da lambobin banza. In kin buɗe ki zaɓi Sensors-only. A ƙarƙashin furosesa akwai layukan Thermal Throttling, wato ko furosesa ta rage gudu saboda zafi, gabansu Yes ko No. Ki buɗe aikinki na Corel ki yi minti goma, ki gaya mana ko ya koma Yes.

Kuma don Allah daga shafin masu ita za ki sauke, kada ki danna tallan da ke fitowa a saman sakamakon Google. A ƙarshen 2023 an kama masu damfara sun sayi talla da sunan CPU-Z, duk wanda ya sauke ta wurinsu sai ya kwaso manhajar satar kalmomin sirri. Masu neman irin waɗannan kayan bincike su ake fako, don an san a ruɗe suke.

Ɗan Koyo: Oga, HWiNFO kyauta ce?

Abu Sadiq: Kyauta ce ga mai amfanin kansa. Wani mutumin Sulobakiya ne, Martin Malik, yake rubuta ta shekara da shekaru. Tun daga fitowa ta 7 a 2021 ya ce masu amfani da ita don kasuwanci su sayi lasisi. Mu masu shagon gyara ya kamata mu san da wannan, haƙƙin mutum ne.

Malama Zariya: Assalamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Kowa ya tafi kan zafi, ni kuma furojet goma sha ɗayan nan ne suka tsaya min a rai. 'Yar uwa, ban da mutuwar, kin lura ko fayil yana daɗewa kafin ya buɗe? Ko ta tsaya cak na ɗan lokaci, fitilar faifai tana kunne ba ta ƙiftawa?

Maman Hanif: Wallahi kamar kina shagon. Akwai folda ɗaya da in na buɗe sai ta yi kusan minti biyu tana juyi. Wani lokacin ina jin ƙara ƙas-ƙas daga ciki. Na ɗauka duk zafin ne. Malam Abu Sadiq, na gwada, ya koma Yes tun kafin minti biyar.

Malama Zariya: To ki ajiye gwajin zafi haka nan, kada ki ƙara matsa mata. Ki sauke CrystalDiskInfo, ƙarama ce, wani ɗan Japan ne ya rubuta ta. Tana buɗewa za ki ga akwati a hagu, ko shuɗi ko rawaya ko ja. Ki turo hoton duka fuskar.

Maman Hanif: Rawaya ne, an rubuta Caution. Layi biyu ne masu ɗigon rawaya, 05 da C5. A ƙarshen layin 05 an sa 18, na C5 kuma C8, da sifili da yawa a gabansu. A sama kuma Power On Hours 41,260.

Malama Zariya: Inna lillahi. 'Yar uwa, wannan rawayan da bai tsorata kowa ba ya fi 127 haɗari nesa ba kusa ba. Bari in warware miki.

Kowane faifai yana riƙe da littafin lafiyarsa a cikinsa, ana kiran tsarin SMART, manhajar karanto shi kawai take yi. Lambobin ƙarshen layi ba da ƙirgen da muka saba aka rubuta su ba, ƙirgen sha shida-sha shida ne na kwamfuta. 18 ɗin nan 24 ne, C8 kuma 200. In kina so ki gani da idonki, ki shiga Function, Advanced Feature, Raw Values, ki zaɓi 10 DEC.

05 yana nufin gurabe 24 sun lalace, faifan ya daina amfani da su ya ɗauko wasu daga ajiyarsa. C5 kuma gurabe 200 ne da ya zo karantawa ya kasa, yana jira ya ga yadda za ta kaya. A cikin waɗannan 200 ɗin akwai bayanan mutane. Juyin minti biyun nan da kike gani, faifan ne yake ta komawa wuri ɗaya yana sake gwadawa. Awa 41,260 kuwa in kin raba, ya haura shekara huɗu da rabi yana juyawa dare da rana. Ya yi aiki, Allah ya sani.

Abin yi yanzu, yau ɗin nan: ki samo faifan waje ko filas mai kyau, ki fara kwafe furojet ɗin ɗalibai, folda ɗaya bayan ɗaya, mafi muhimmanci a farko. Kada ki zaɓi duka ki ja lokaci guda. Wanda ya ƙi kwafuwa ki tsallake shi, ki rubuta sunansa a takarda. Ki yi da daddare ko da asuba da iska ta yi sanyi, murfin gefe a buɗe, fankar tsaye tana hura ciki, don kada ta mutu ana tsakiyar kwafa.

Ɗan Koyo: Anti, ba sai ta yi chkdsk ba, manhajar Windows mai duba faifai? Ogana yana da wata manhaja ma da ke gyara wuraren da suka lalace, a bar ta ta kwana tana yi, da safe ya koma shuɗi.

Malama Zariya: Ƙanena, ka riƙe wannan da kyau don za ka ci gaba da haɗuwa da shi a sana'arka. Faifan da ke ciwo ba a sa shi aikin kwana kafin a kwashe abin da ke ciki. chkdsk da irin manhajar oganka suna bin faifan ne gurbi-gurbi daga farko har ƙarshe, awa da awanni, kuma a wuraren da suka raunana suka fi daɗewa. Da yawa a nan suke cikawa. Komawa shuɗi kuma ba warkewa ba ce. In an rubuta wani abu a kan gurbin da ke jira, C5 yakan sauka, ko dai gurbin ya karɓa ko a mayar da shi cikin 05, amma abin da ke wurin a da ya tafi, kuma farantin ƙarfen da ke ciki bai sake zama sabo ba. A 2007 Google sun fitar da bincike a kan faifansu sama da 100,000. Sun ga wanda ya fara sauya gurbi ko da ɗaya ne, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye fiye da sau 14. Na Hajiya 24 ya sauya.

Abu Sadiq: A binciken nan dai, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai a SMART ba. Wato rawaya abin gaskatawa ne, amma shuɗi ba takardar tabbaci ba ce. Malama, na gode da kika juyo da mu, ni na shagala da furosesa.

Baba Injiniya: Na dawo. Maganar Malama ita ce gaba da komai, 'yata ki bi ta. Yanzu ga tawa. Abu Sadiq, ka ce zafi ne ke kashe ta. Ni ban gamsu ba. Furosesar Intel in ta kai iyakarta ba mutuwa take yi ba, rage gudu take yi don ta huce, shi ne Yes ɗin da kuka gani. Sai zafin ya wuce hakan da nisa sannan take yanke wuta. Na ga injuna sun shekara suna aiki a 95 zuwa 100, suna jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi, amma ba sa mutuwa. Mutuwa ɗif kamar an zare filogi, a wurina fawa-fak ne, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, har sai an nuna min ba shi ba ne. Shi ma zafi yana taɓa shi, shi ya sa sai da rana. Kafasitocin ciki, 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, in sun tsufa, da safe su ɗauka, rana ta take a ƙara musu lodi su saki.

'Yata, da wace wuta kike aiki da rana?

Maman Hanif: Yawanci da rana babu wuta Baba, inji muke tayarwa, ni da maƙwabcina mai fotokofi. Ina da sitabilaiza amma UPS ɗina, mai riƙe wuta in an ɗauke, batirinsa ya mutu tun bara. A HWiNFO na ga layin +12V yana nuna 12.096.

Abu Sadiq: To ai 12.096 lafiya ne Baba. Ƙa'idar ATX da ake ƙera fawa-fak a kanta ta yarda da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato daga 11.4 zuwa 12.6.

Baba Injiniya: Yanzu kai da bakinka ka gama gaya mana guntun nan yana ba da 127 na ƙarya, kuma shi ɗin dai za ka gaskata a kan wuta? Ba 12 yake aunawa kai tsaye ba, ana rage wutar ne kafin ta iso shi, manhaja ta ninka da lissafinta. In ba ta san bod ɗin sosai ba sai ta ninka ba daidai ba, na taɓa ganin ta rubuta 8 a injin da ke aiki lafiya ƙalau. Ko ta yi daidai ma, duk bayan daƙiƙa biyu take leƙawa. Faɗuwar da ke kashe inji ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma in ya mutu manhajar ta mutu tare da shi, wa zai ba da labari? A sa mitar auna wuta a wayoyin fawa-fak. Baƙin tsinke a baƙar waya, ja a rawayar waya, inji yana kunne ana aiki mai nauyi. Rawayar waya volt 12 ya kamata ta nuna, jar waya 5, mai ruwan lemo 3.3. Ita ma mitar ba ta kama kowace faɗuwa, shi ya sa gwajin ƙarshe shi ne a ɗaura wani fawa-fak mai lafiya a yini da shi.

Abu Sadiq: Na karɓa Baba, ka kama ni da hujjata. Ni dai har yanzu ina ganin zafin yana da hannu, don 68 a zaune ba lafiya ba, amma ba zan rantse shi kaɗai ba ne.

Ɗan Koyo: A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ba za a ga dalili ba? Ni na san akwai Kernel-Power 41.

Abu Sadiq: Za ta gan shi kam, amma 41 cewa kawai yake yi kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Ko wuta aka ɗauke shi za ka gani. Amfaninsa a nan shi ne lokaci: ta duba ƙarfe nawa-nawa ne, ta gwada da lokacin da maƙwabcinta yake tayar da fotokofi. Injin fotokofi yana jan wuta sosai in yana ɗuma kansa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga Damagaram. Mu nan zafin da ƙurar sun fi naku, don haka wannan ciwo mun san shi. Abin da mutane ba su lura da shi ba, yawancin kwamfutocin nan in ka karanta takardarsu, an gina su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana kai 40, balle shago mai rufin kwano. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Don haka lambar da Bature zai rubuta a intanet ya ce tasa tana zaune a 30, kada ka sa ran ganinta a nan, 45 zuwa 50 a zaune ba abin tashin hankali ba ne gare mu. Amma 68 ya fita daga lissafin yanayi.

Ni duk ƙarshen hunturu nake bi injunan kwastomomina da bulowa. Hajiya, in za a hura, a fitar da ita waje, a danne fanka da yatsa ko tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kuma kada a ɗora kwamfuta a ƙasa, nan ƙura take.

Malama Zariya: Kuma mutuwar nan da take yi tana iya zama ita ta ƙara wa faifan ciwo. In wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, gurbin yakan zauna rabi da rabi, gobe a zo karantawa a kasa, ya shiga lissafin C5. Ciwo ɗaya yana haifar da wani.

Ɗan Damagaram: Haka ne Malama. Kuma tunda sabon faifai za ta saya, a yi hattara da na hannu da ake cewa awa kaɗan ya yi. Ana iya goge lissafin SMART. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise da ke Jamus ta bankaɗo yadda wasu 'yan kasuwa suka riƙa sayar da faifan Seagate da suka yi dubban awanni a matsayin sababbi, bayan sun mayar da agogon sifili. Wani lissafi na biyu da ke cikin faifan, mai suna FARM, shi ya tona asirin. In an yi wa Jamusawa haka, mu da kaya ke iso mana hannu na uku sai mu ƙara buɗe ido.

Baban Ummi: Ni dai mai gyaran nan ne ya ba ni haushi. Daga ganin hoto a waya sai ka ce bod ya ƙone? Hajiya ki faɗi shagonsa mutane su guje shi.

Admin: A'a, ba ma kiran sunan kowa a nan, doka ce tun farko.

Baba Injiniya: Ku yi masa uzuri. Ba lallai cuta ya yi niyya ba, an nuna masa 127 ne shi ma ya tsorata. Laifinsa ɗaya, ya yanke hukunci bai ga inji ba. Kwamfutar da ke tashi ta yi aiki tun safe har azahar, bod ɗinta bai ƙone ba. 'Yata, abu na ƙarshe: fawa-fak ba a buɗe shi a gida. Ko an zare waya akwai wutar da ke kwance a ciki. Ki bar wa mai sana'a.

Ɗan Koyo: Tunda ana maganar, Oga Abu Sadiq, ni kuma Open Hardware Monitor na saka a laftof ɗina, Defender, mai tsaron Windows daga bairos, ya ce HackTool ne, wato kayan kutse, ya cire wani abu mai suna WinRing0. Na kwaso bairos ke nan?

Abu Sadiq: In daga shafinsu na asali ka sauke, ba bairos ka kwaso ba, amma gargaɗin ma ba na banza ba ne. Manhaja ba ta iya taɓa ma'aunan zafi sai ta hanyar direba, wata ƙaramar manhaja mai shiga can cikin Windows. WinRing0 tsohon direba ne da manhajoji da yawa suka dogara da shi, kuma an san yana da ɓaraka tun 2020, wata muguwar manhaja tana iya hawa kansa ta samu iko da injin duka. A watan Maris na 2025 Defender ya fara kama shi, masu amfani da manhajojin Fan Control da LibreHardwareMonitor duk suka shiga ciki. Kada ka kashe Defender saboda shi. Ka cire, ka yi amfani da wadda ba ta dogara da shi. Haka SpeedFan da nake gani a filas ɗin masu gyara har yau, tun 2016 rabon da a sabunta ta, ba ta san injunan da suka zo bayanta ba.

Maman Hanif: Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana biyu, ku yi haƙuri da shiruna. Daren nan ban yi barci ba, na bi yadda Malama ta ce. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa kiran assalatu na kwafe komai, sai fayil uku da suka ƙi. Biyu katin biki ne da an riga an buga, ɗaya kuma babi na huɗu na wata ɗaliba.

Da safe na kai ta wurin wani mai gyaran daban, na ce a gabana za a buɗe. Da ya cire fankar furosesa, ƙurar da ke tsakanin haƙoran ƙarfen ta dunƙule kamar auduga, ya zaro ta da tsinke a haɗe, sai ka ce tsumma. Cikin ƙafafu huɗu na roba da ke danne ƙarfen a kan bod, ɗaya ta karye, gefe guda a ɗage yake. Man da ake shafawa tsakanin furosesar da ƙarfen sanyayawa ya bushe ya zama kamar alli, da farce ya kankare shi. Ya sa wata fankar da sabon mai. Yanzu a zaune 44, ina aikin Corel ba ta wuce 74, Throttling ɗin duk No.

Na dawo shago ina murna, ƙarfe uku da 'yan mintuna maƙwabcina ya tayar da fotokofi, ta sake mutuwa ɗif.

Baba Injiniya: To.

Maman Hanif: Na kira mai gyaran ya zo da mita har shago. Rawayar waya tana 11.9 a zaune, ina buɗe aiki mai nauyi ta sauka 11.2, alhali HWiNFO tana nan a kan 12 da ɗoriya. Ya tafi da fawa-fak ɗin ya buɗe a wurinsa, ya turo min hoto, kafasito biyu kansu ya kumbura, ɗaya har ya yi tsatsa-tsatsa a sama. An sa wani. Jiya da yau ta yini ba ta mutu ba, da inji da fotokofi da komai. Na sayi faifan SSD mai gig 256 sabo a kwali aka ɗora Windows a kai, CrystalDiskInfo ta nuna shuɗi, awa 9. AUXTIN kuwa yana nan a 127 ɗinsa, na daina kallonsa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Abu Sadiq: Amin. Baba, ranka ya daɗe, taka ce ta fito. Hajiya, a HWiNFO in kin danna layin da dama za ki iya ɓoye shi, don kada wani ya sake gani ya tsorata. Batirin UPS ɗin nan kuma a daure a saya, shi zai tare miki faɗuwar wuta in fotokofi ya tashi.

Baba Injiniya: Ba tawa kaɗai ba, ƙafar fankar nan da ta karye kai ka hango ta tun ba a buɗe ba. Ɗan Koyo, gobe ka tambayi oganka ya nuna maka yadda ake sa mita a fawa-fak, ka zo ka gaya min abin da ka gani a kowace waya.

Ɗan Koyo: In sha Allahu Baba.

Malama Zariya: 'Yar uwa, tsohon faifan yana ina? Kada ki bari a karɓe shi a canji, gobe a goge a sayar wa wani, ga kuma takardun mutane a ciki. Ki cire shi ki ajiye, kada a sake jona shi sai ranar da za a gwada ceto babin nan. Akwai manhajar ceto bayanai mai suna ddrescue a Linux, tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo kan masu ciwo a hankali. Ba alkawari na yi ba, amma sau da yawa ana samu. In kina da wanda zai zo Zariya ranar Asabar ki aiko da shi, a naɗe shi da kyau kada ya bugu a mota.

Maman Hanif: Yana cikin durowa na kulle. Ɗalibar ta zo ɗazu na gaya mata gaskiya, ta ce tana da rubutun hannunta na babin, teburan lissafin ne kawai ba ta da su, kuma Laraba za ta miƙa. Na ce ta kawo gobe da sassafe in sake buga mata ba ko sisi. Ƙanena yana zuwa Zariya ranar Asabar, zan ba shi faifan. Malama, zan yi miki magana ta gefe ki gaya min inda zai same ki.